Ku Tambaya Mu Amsa: Ƙanƙarar da Ke Rufe Makarantu

Tun da sanyin bana ya kankama wasiƙun da ke zuwa wannan fili suka karkata ga batun makaranta da yanayi. Na zaɓi guda uku da suka haɗu a kan magana ɗaya, na taƙaita su, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya ta farko, daga wata dattijuwa a unguwar Hindawiyya, Makka:

Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗa da yake aiki a kusa da birnin Dalas na jihar Teksas a Amurka, yana zaune da matarsa da 'ya'ya uku. Nakan kira su ta bidiyo bayan sallar isha'i, lokacin da su can hantsi ne, don in gaisa da surukata. A makon da ya wuce kwana huɗu a jere ina tarar da jikokina a gida, da na tambaya sai uban ya ce an rufe makarantu saboda ƙanƙara. Na ce ya nuna mini waje, amma ban ga farin tulin nan da muke gani a talabijin ba. Titi ne kawai yake sheƙi kamar an wanke shi, rassan bishiyoyi kuma suna ƙyalli. Shin da gaske ana rufe makaranta saboda wannan, ko kuwa kuɗin makaranta ne ya gagare shi yake jin nauyin gaya mini?

Amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ki kwantar da hankalinki a kan batun kuɗi, domin makarantun gwamnati a Amurka, daga firamare har ƙarshen sakandare, ba a biyan kuɗin karatu a cikinsu, kuma abin da ɗanki ya nuna miki ta waya shi kansa shaida ne a kan gaskiyarsa. Wannan sheƙin da kika gani a kan titi ya fi farin tulin da kike tsammani haɗari nesa ba kusa ba.

Mu Hausawa kalma ɗaya muke da ita, ƙanƙara, muna kiran abubuwa uku da ita. Akwai ƙanƙarar da take faɗowa dunƙule-dunƙule tare da ruwan sama, irin wadda ake yi a Jos ko a Ɗa'ifa da Abha, ta fasa gilashin mota ta kuma lalata amfanin gona. Akwai dusar ƙanƙara, wadda take sauka kamar audugar rimi ta taru fara fat, ana iya kwashe ta da shebur, kuma tayar mota takan sami abin kamawa a cikinta. Ta ukun ita ce wadda ta tsare jikokinki a gida, kuma ruwa ce zalla take saukowa. Yadda abin yake faruwa shi ne, iska mai ɗumi da danshi takan hau ta shimfiɗa a sama, alhali a ƙasa kusa da doron ƙasa akwai siririn faifan iska mai tsananin sanyi da ya yi ƙasa da sifili a ma'aunin Selshiyas. Ɗigon ruwa yakan ratso iskar ɗumin a narke, ya shiga iskar sanyin, amma tazarar ba ta kai ya daskare a hanya ba, sai ya iso yana ruwa mai sanyin da ya wuce ƙima. Da zarar ya taɓa wani abu, kwalta ne ko reshe ko wayar wuta ko matattakalar ƙofa, nan take ya daskare ya zama gilashi. Saboda babu farin launi a jikinsa, direba yana ganin baƙin kwalta ta cikinsa ya zaci titi jiƙe yake kawai, ba zai farga ba sai ya taka birki motar ta ƙi tsayawa. Gadoji su ne suke fara daskarewa, domin iskar sanyi tana ratsa su ta sama da ta ƙasa.

Hukumar kula da yanayi ta Amurka tana ɗaukar abin a matsayin babban haɗari ne da zarar kaurin wannan ƙanƙara ya kai rubu'in inci, wato kimanin milimita 6, abin da bai kai kaurin ɗan yatsan jariri ba. A jihar da ɗanki yake ma an ga aikinta: ranar 11 ga Fabrairun 2021, da asuba, motoci fiye da 130 suka yi ta afka wa juna a kan babbar hanya a birnin Fot Wot, maƙwabcin Dalas, mutum shida suka rasu. A cikin kwanakin da suka biyo baya sanyi ya durƙusar da wutar lantarkin jihar, gidaje sama da miliyan huɗu suka zauna a duhu, kuma daga baya hukumomin lafiya na Teksas suka ƙidaya mutum 246 da suka rasa rayukansu a dalilin wannan sanyi. Wanda ya ga wannan da idonsa, ba za a yi mamaki ba in ya ga titi yana sheƙi ya hana ɗansa fita.

To amma me ya sa makaranta ce take fara rufewa, tun kafin kasuwa da ofis? Dalili shi ne mota. Yara da yawa a can ba da ƙafa suke zuwa ba, manyan motocin nan masu launin rawaya ne suke bi unguwa-unguwa suna kwasarsu tun gari bai gama wayewa ba, daidai lokacin da sanyi ya fi tsanani, kuma motocin suna bin ƙananan hanyoyi da gangare da gadoji waɗanda babu wanda ya zuba musu gishiri. Gishirin nan da ake watsawa a titi yana hana ruwa saurin daskarewa, sai dai biranen arewacin ƙasar ne suke da rumbunan gishiri da motocin watsa shi da yawa, don kowace shekara suna bukata. Biranen kudu irin Dalas da Atlanta, da abin ba ya same su sai jefi-jefi, ba su da irin wannan tanadi, shi ya sa ƙanƙarar da ba za ta hana yaron Shikago zuwa aji ba takan tsayar da Teksas cak. Mutanen arewa sukan yi wa na kudu dariya a kan haka, kuma a ganina dariyar ba ta da tushe, domin babu gwanin tuƙin da ya iya tafiya a kan gilashi. Bayan hanya kuma akwai wuta. Ƙanƙarar takan lulluɓe wayoyi da rassa har nauyi ya rinjaye su, reshe ya karye ya faɗo wa waya, unguwa guda ta rasa wuta, kuma ajin da babu wuta babu na'urar ɗumama ɗaki ba wurin ajiye yaro ba ne. Wannan ne ya sa hutun yakan kai kwana uku ko huɗu ko da sama ta washe tun rana ta farko. Da rana saman ƙanƙarar ya narke, da dare ya sake daskarewa.

Mai yanke hukuncin rufewa galibi shugaban hukumar ilimi ne na gunduma, ba gwamna ba, ba kuma gwamnatin tarayya ba, kuma yakan yanke shi ne ko da daddare ko kafin asuba, bisa hasashen da bai tabbata ba. Mutumin nan gaba kura ne baya siyaki. In ya rufe, ƙanƙarar ta kauce ta sauka a wani gari, iyayen da suka rasa aikin yini saboda zaman reno za su taso masa. In ya buɗe kuma abin ya zo, to abin da ya sami Atlanta yana jiransa. Ranar 28 ga Janairun 2014 an buɗe makarantu a wannan birni kamar kullum, da tsakar rana dusar ƙanƙara ta fara sauka, ba ta ma wuce inci biyu zuwa uku ba, sai makarantu da ofisoshi da kamfanoni suka sallami mutane a lokaci guda. Dusar ta narke a ƙarƙashin tayoyi ta sake daskarewa, hanyoyi suka toshe, mutane suka kwana a cikin motocinsu, dubban yara suka kwana a makarantu tare da malamansu, wasu a cikin motocin makaranta a kan hanya. Gwamnan lokacin na jihar Jojiya, inda Atlanta take, Nathan Deal, sai da ya fito ya nemi afuwar jama'a. Bayan mako biyu kacal wata ƙanƙarar ta sake tunkaro jihar, sai aka rufe komai tun kafin ɗigon farko ya faɗo.

Abin da ya fi burge ni a labarin wannan dare shi ne yadda talakawa suka yi abin da hukuma ta kasa. Manyan kantuna sun bar ƙofofinsu a buɗe mutane suka kwanta a tsakanin kantocin kaya, mazauna bakin hanya suka riƙa fitowa da abinci da ruwa suna miƙa wa waɗanda suka maƙale, aka buɗe zaure a Facebook inda mai ɗaki yake sanar da wanda ya rasa makwanci. Haka aka yi a Kanada cikin Janairun 1998, lokacin da ruwan nan mai daskarewa ya yi kwanaki yana zuba a lardunan Kubek da Ontariyo, kaurin ƙanƙarar ya kai milimita 100 a wasu wurare, manyan turakun ƙarfe na wutar lantarki kimanin dubu suka lanƙwashe, miliyoyin mutane suka rasa wuta, wasu garuruwan kudu da birnin Montiriyal na Kubek har na tsawon makonni. A can makarantun da aka rufe wa ɗalibai su ne aka buɗe wa iyalai suka zama masauki, gwamnati kuma ta tura sojoji kimanin 15,000 don su taimaka.

Ba kowa ne yake murna da hutun ba, kuma ya kamata a faɗi wannan. Yara suna tsalle, amma mai aikin da ake biya da awa ba shi da albashin ranar da bai fita ba, kuma miliyoyin yaran talakawa a Amurka a makaranta suke samun abincin rana kyauta ko da rangwame, ranar da aka rufe kuwa tukunyar gida ce za ta ɗauki nauyin. Sannan yawancin jihohi suna da adadin kwanakin karatu da doka ta gindaya, kusan 180 a shekara, don haka kwanakin da suka salwanta sau da yawa akan rama su daga hutu, ko kuma a mayar da darasi ta intanet. Idan kin ji jikokinki sun makara wajen samun hutun ƙarshen shekara, dalilin ke nan.

Abu ɗaya nake roƙon ki gaya wa ɗanki da kakkausar murya irin ta uwa: in wuta ta ɗauke, kada ya shigar da gawayi ko janareta cikin gida, kada kuma ya tayar da mota a rufaffen gareji don su ji ɗumi, domin iskar da suke fitarwa guba ce. A sanyin 2021 mutane da dama a Teksas ta wannan hanya suka halaka.

Tambaya ta biyu, daga wani direba a Jidda:

Malam, ni a nan Jidda abin yake ba ni haushi. Cikin dare za a sanar cewa gobe babu makaranta saboda ruwan sama, a wayi gari rana tana ƙwallewa, ko yayyafi babu. 'Ya'yana uku, wayar da za a yi darasi da ita ɗaya ce, uwarsu kuma tana fita aiki. Ranar nan sai da na ajiye mota na zauna da su. Mu da muka yi karatu a gida Najeriya cikin ruwa da laka muke tafiya, ba mu mutu ba. Wannan ba sangarta yara ba ce?

Amsa:

Alhaji, sannu da ƙoƙari, Allah ya buɗa. Haushinka yana da dalili, amma ban yarda da kai a kan kalmar sangarta ba. Ruwan da ka taka a ƙuruciya yana sauka ne a kan ƙasar da take shanye shi, a garin da ya saba da damina wata huɗu ko biyar. Jidda kuwa gari ne da ke kwance tsakanin duwatsu daga gabas da teku daga yamma, duwatsun ba sa shan ruwa, duk abin da ya zuba a kansu kwazazzabai ne suke tattaro shi su nufo teku da shi, garin kuma yana kan hanya. Saboda haka rana tana iya haskawa a ƙofar gidanka alhali ruwan da zai cika hanyar ƙarƙashin gada ya riga ya taso daga bayan gari.

Kai da kake tuƙi a garin ka fi ni sanin unguwar Ƙuwaiza da irin ɓarnar da ambaliya ta yi mata. Ranar 25 ga Nuwamban 2009, wadda ta zo daidai da 8 ga Zulhajji, ranar da alhazai suke fita Mina, ambaliya ta ci mutum fiye da 120 a Jidda, da yawansu a cikin motoci, har marigayi Sarki Abdullah ya kafa kwamitin bincike. A Janairun 2011 ruwa ya sake zuwa ana tsakiyar karatu, ɗalibai suka maƙale a makarantu da jami'o'i, iyaye suka bazama cikin ruwa neman 'ya'yansu. Ranar 24 ga Nuwamban 2022 kuma an auna milimita 179 a kudancin birnin cikin awa shida, fiye da abin da garin ya saba samu a shekara guda, amma a wannan karon an riga an dakatar da karatu tun kafin ruwan ya sauko, kuma duk da motocin da ruwa ya kwashe, yara suna gida. Tsarin da ake bi yanzu shi ne hukumar ilimi ta kowane yanki ta duba rahoton Cibiyar Hasashen Yanayi ta Ƙasa, in gargaɗin ya yi tsanani ta dakatar da zuwa aji, abin da yaranmu suke kira ta'aliƙ, a koma manhajar Madrasati wadda aka fara amfani da ita a 2020 lokacin annobar korona.

Matsalar mai yanke irin wannan hukunci, a Jidda ko a Dalas, ita ce ranar da ya yi daidai ba a ganin komai, domin yaron da ruwa bai ci ba ba ya shiga labarai, ranar da hasashe ya kuskure kuwa kowa yana ganin rana. Hadari na irin wannan yanki yakan zuba a unguwa ɗaya ya bar ta kusa da ita a bushe, kuma babu na'urar da za ta ce maka ga titin da zai sauka. Don haka dole wasu ranakun ta'aliƙ su tafi a banza, kuma ni na fi son a yi asarar irin waɗannan ranaku biyar da a maimaita ta 2011 sau ɗaya.

Inda nake tare da kai shi ne maganar waya da maganar lokaci. Sanarwar da ta fito bayan mutane sun kwanta ba ta ba uba damar ya nemi wanda zai bar wa yara ba, kuma cewa karatu ya koma intanet magana ce mai sauƙi ga gidan da kowane yaro yake da kwamfutarsa, ba ga gidan da yara uku suke layi a kan wayar uwarsu ba. Shawarata ita ce ka je makarantar tun ranar da babu hadari ka sanar da malaman halin da gidanka yake ciki, domin malamin da ya sani yakan yi sassauci a kan halarta da lokacin miƙa aiki. Sannan ku maƙwabta ku zauna ku tsara karɓa-karɓa, gidan da uwa take zaune ya riƙe yaran gida biyu ko uku a ranar ta'aliƙ, a wani karon kuma a rama masa ta wata hanyar. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma irin wannan zumunci ba baƙon abu ba ne a unguwanninmu. Kai kuma da motarka, ranar da aka ba da jan gargaɗi ka guji hanyoyin ƙarƙashin gada ko da fasinja ya matsa.

Tambaya ta uku, daga wani ɗalibi a Madina:

Malam, muna ganin hotunan dusar ƙanƙara a Tabuka kusan kowace shekara. Shin irin wannan ƙanƙara mai santsi ta Amurka tana iya rufe makarantu a Saudiyya?

Amsa:

Ɗana, dusar da kake gani gaskiya ce, takan sauka a kan dutsen Lauz da tsaunukan da ke kewaye da shi a yankin Tabuka, mutane su yi ta tururuwa zuwa kallo. Garuruwan arewa irin Turaif da Ƙurayyat da Ar'ar da Rafha kuma sanyinsu yakan yi ƙasa da sifili da dare, musamman a kwanaki arba'in ɗin nan da Larabawa suke kira Murabba'aniyya, waɗanda suke farawa a farkon Disamba. Sai dai sanyin wannan ƙasa galibi busasshe ne kamar hunturunmu, yakan fi tsanani a daren da sama take garau babu gajimare, ruwa mai daskarewa kuwa yana bukatar danshi a sama da sanyi a ƙasa su haɗu a lokaci guda su daɗe tare, abin da da wuya ya faru a nan. Makka da Jidda ma ba sa kusantar sifili ko kaɗan.

Abin da hukumomin ilimi na arewa suka saba yi a kwanakin jaura shi ne su jinkirta lokacin shiga aji har rana ta ɗaga, su kuma soke layin safe da ake tsayar da yara a fili. Haɗarin sanyi da ya fi kusa da mu yana cikin ɗaki ne. Gawayin da aka hura aka shigar ɗaki, ko na'urar ɗumama ɗaki mai aiki da gas ko kananzir, in aka rufe ƙofa da taga, suna fitar da iska mai guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Alamarta ta farko ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya, mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya. Ku da kuke kwana ku huɗu ko biyar a ɗaki ɗaya, ku fitar da kaskon wuta waje kafin ku kwanta, ku bar taga a ɗan buɗe, in kuma mutum biyu suka tashi da ciwon kai lokaci guda ku fita waje nan take ku kira motar agaji ta 997.